Yaƙin Kallamu Baduku da Kalmar Kantankaras

Da sunan Allah muke farawa, wanda ya rarraba harsuna a tsakanin bayinsa, ya ba wasu mai sauƙin furtawa, ya ba wasu mai gajiyar da muƙamuƙi. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadauki, Malam Kallamu ɗan Jatau ɗan Barmo ɗan Gagare Mai Basilla, Gagaren da maruwaita suka haɗu a kan cewa ya taɓa ɗinka wa wani takobi kube mai tsananin kyau, har mai takobin ya rayu ya mutu bai iya zare shi ba don tausayin ɗinkin. Zuri'a ce ta dukawa tsantsa, ba ta taɓa juya wa fata baya ba, ba ta taɓa amsa laifi a gaban mai ciniki ba. Daga wannan tsatso mai albarka Kallamu ya fito, ginshiƙin Unguwar Dukawa a garin Ƙaurar Gamji, basilla mai huda ƙirgi, jar fata gagara koɗewa, bango madafar zare, angon Tambai mai daddawa. Boko kuwa ya ɗan taɓa shi a firamare, gwargwadon abin da zai karanta allon shago da sunan magani.

Asalin fitinar a wurin ciyayya ta tashi. Al'adar unguwar ce tun kaka da kakanni, idan an idar da sallar magariba magidanta su hallara a ƙofar gidan Baba Dikko, dattijon unguwa, kowa ɗauke da akushi daga gidansa, a baje tabarmi a ci tare, a yi hira har a kira isha'i. A cikin mahalarta akwai Lawandi, taubashin Kallamu, wanda ya taɓa yin masinja a wata kotu, ya dawo gida da ciwon gwiwa da tarkacen Turanci. A wannan yammaci mai tarihi sai Kallamu ya lura Lawandi yana haƙa rami a gindin tuwo ta ɓangarensa, miya tana gangarawa can tana barin sauran jama'a da gaya. Nan take ya tsayar da ci, ya kafa shari'a, ya jawo laifuffukan Lawandi tun daga na zamanin yaye, ya nemi a juya akushin, da aka juya kuma ya ce an juya shi ta hagu.

Lawandi ya siɗe yatsunsa a tsanake, ya dube shi, ya ce, "Kai dai bawana, kantankaras ne kai."

Wuri ya kece da dariya. Babu ko mutum guda a tabarmar da ya san abin da kalmar ke nufi, amma nauyinta kaɗai ya isa, don ta faɗo kamar an kifar da kwanuka daga kan kanta. Kallamu ya duba fuskokin abokan cin tuwonsa na shekara da shekaru, ya ga har Baba Dikko yana share hawaye da bakin rawani. Zagi ne, yabo ne, sunan cuta ne, bai sani ba, kuma rashin sanin ya fi dariyar ƙona masa rai. Ya miƙe tsaye, miya na ɗiga daga hannunsa, ya rantse da Ubangijin da ya halicci fata da mai jeme ta cewa hannunsa ba zai ƙara shiga akushin ciyayya ba sai ya san ma'anar wannan kalma da karatun kansa, ba tare da ya tambayi wani mahaluki ba. Abin takaici, a daidai lokacin wani ya tuntsurar da buta, hayaniya ta kaure, rabin rantsuwar ta bi iska. Shi dai ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Kashegari ya ɗaura ɗamarar yaƙi ya nufi kasuwa, inda ya sayo wani tsohon ƙamus na Turanci da Hausa, mai kauri kamar bulo, a hannun mai baza littattafai a ƙasa. Da ya kawo shi gida ya duba ɗaurinsa, sai ransa ya ɓaci, ya ce wannan manne-mannen gam cin mutuncin littafi ne. Ya zaro wuƙar dukanci ya farke gindin, ya mayar da shi warƙa warƙa kamar yadda ya ga littattafan malaminsa na zaure, ya ɗinka masa gafaka ta jar fatar akuya mai zane da tuntaye, irin wadda ko hakimi ya gani sai ya yi tayi. Ya zuba rundunar kalmomin Nasara a ciki ya ɗaure bakinta da igiya.

Tambai, matar da Allah ya jarrabe ta da zama da jarumi, ta tsaya tana kallon wannan hidima, ta ce ga wayarta nan, a danna kawai a ji. Ya ce tambayar waya ma tambaya ce, rantsuwa ta hana. Ta ce to ya buɗe tsakiyar littafin ya lalubo kalmar tasa mana, a huta. A nan ne Kallamu ya dube ta da irin kallon da ake yi wa wanda ya shiga masallaci da takalmi.

"Littafi daga farko ake fara shi," in ji shi. "Malam bai taɓa barin mu mun tsallake ko layi ba. Mai leƙen gaba ba ya ganin albarkar karatu."

Haka aka buɗe fagen daga. Kullum da hantsi, idan ya shimfiɗa buzu a rumfar sana'arsa, sai ya zaro warƙa guda daga gafaka, ya danne ta da dutsen guga, yana ɗinki yana rangaji yana biyawa da irin sautin tilawa, kalma da fassararta, kalma da fassararta, ba ya ajiye ta sai ya haddace ta ciki da bai. Ya auka wa ƙabilar harafin farko, masu yawa kamar tururuwa, ya karkashe su ɗaya bayan ɗaya, ya kama manyansu ya mai da su bayi. A cikin ganimar da ya kwaso akwai abominabul, wato abin ƙyama, da odasiti, wato tsaurin ido. Ya tsallaka ƙasar harafi na biyu da damina, ya ci garuruwanta da yaƙi, ya fito da barbariyan, wato bagidaje marar wayewa, da bafun, wato wawan da ake yi wa dariya, da bambuzul, wato a rikita mutum a damfare shi. Waɗannan ya riƙa gwada kaifinsu a kan kaji da masu neman ragi. Masu kawo gyaran takalmi suka fara tsayawa daga nesa suna miƙo aiki.

Amma a nan dole mai tarihi ya faɗi gaskiya, ko da za ta rage wa gwarzonmu kwarjini. Idan magariba ta yi, Tambai ta ajiye masa ɗan kwanonsa a tsakar gida, yakan zauna shi kaɗai yana jiyo shewar mutanen ƙofar Baba Dikko ta kan katanga, yana gane muryar kowa, har da tarin Lawandi. Tuwon ba ya wucewa da daɗi. Kewa ce ta kama shi, mai tsanani, irin wadda namiji ba ya faɗa, har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Sau da dama hannunsa ya kai kan igiyar gafaka da niyyar leƙen gaba, sai ya tuna bulalar malaminsa, ya janye ya yi istigfari.

Ana nan har Allah ya kawo shi iyakar ƙasar harafi na uku, ya kutsa ciki, sai ya fara jin ƙamshin abokiyar gaba, domin kalmomin sun soma ɗaukar kamanninta, kowace da "kan" take farawa. A ranar da maruwaita ke kira Ranar Warƙa, ya zaro sabuwar takarda, bai ko kai ga sa mata ido ba aka kira la'asar. Ya ajiye ta a kan turmi a tsakar gida ya tafi masallaci. Da ya dawo, turmi na nan, takarda babu.

Bincike ya tabbatar da cewa Mati mai tsire ya zo sayen yajin daddawa, Tambai ta duba ba leda, ta ga takarda a yashe, ta ƙulle masa a ciki. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ga abin tashin hankali ba. Ta nuna masa gafaka cike maƙil da 'yan'uwanta, ta ce, "Malam, ɗauki ta gaba mana. Guda ɗaya ce fa."

"Odasiti!" in ji Kallamu, da muryar da ta tashi tattabarun maƙwabta.

Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya danna hula har gira, ya fito da abin hawansa, baƙin ƙarfe gadon Jatau, keken da ya ga zamanin gwamnoni da yawa bai rusuna wa ko ɗaya ba, marar birki, marar ƙararrawa, wanda kukan sarƙarsa kaɗai ke share masa hanya. Ya haye, ya ratsa Unguwar Dukawa kamar an aiko shi ɗaukar ungozoma, ya keta layin 'yan tumatir, ya tarwatsa taron awaki a bakin rijiya, ya bar wata mai tallan fura tana salati, bai tsaya ba sai da ya kafa dugadugansa a ƙasa a gaban tukubar Mati, bayan ya ɗan wuce ta ya dawo da baya.

Mati mutum ne mai sanyin hali. Ya saurari ƙarar da aka shigar yana juya tsinke, sannan ya bayyana cewa yaji ya juye shi a gwangwani, takarda kuma ai ba a zubar da ita a wannan sana'a, ya naɗe wa Barau direba tsire a ciki, ga shi can ya nufi tasha zai yi lodin Funtuwa. Ya ƙara da cewa idan takarda Malam ke so, ga tsohuwar jarida nan buhu guda, ya ɗiba kyauta. Kallamu ya kira shi bafun, ya juya kan keke. Mati ya bi shi da fatan Allah ya kiyaye hanya.

A ƙofar tasha ne aka yi arangama ta farko mai zafi. Dakarun kamasho suka yi masa ƙawanya, wannan ya riƙe kan keke yana tambayar Funtuwa ko Zariya, wancan ya kama sirdi yana rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi, wani ma har ya fara kiran kuɗin ɗora keke a saman mota. Sadaukinmu ya miƙe a kan feda, ya zazzage musu duk abin da ya tara tun daga shafin farko, ya jefe su da barbariyan, ya bi su da abominabul, ya rufe da bambuzul, har kumfa ta taru a gefen bakinsa. Kamasho suka ja da baya suna duban juna, suka yanke shawarar cewa ko dai jami'in gwamnati ne a ɓoye, ko kuma abin ya taɓa shi. Ko wanne ne, suka buɗe masa hanya.

Ya iske motar Barau ta cika, an ɗaure kaya, an yi addu'a, amma ta ƙi tashi, don tsohuwa ce da ba ta motsi sai an tura. A gaban gilashi kuwa, kusa da sitiyari, ga ƙunshin tsire yana naso, ga rubutun Nasara ɓaro-ɓaro a jikinsa. Kallamu ya nemi a miƙa masa fursunan nan take ba tare da sharaɗi ba. Barau, ƙaton mutum mai aswaki a baki, ya ce shi ba ya kwance tsirensa sai ya hau kwalta, wannan ƙa'idarsa ce tun yana yaron mota, amma idan Malam zai sa hannu a tura, to da zarar inji ya kama zai jefo masa takardarsa ta taga. Aka ƙulla wannan yarjejeniya a gaban shaidu, ciki har da wata tsohuwa mai kaji a kwando.

To, a nan alƙalami yake rawa a hannun mai rubutu. Ɗan Jatau jikan Barmo, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙirgi nauyi ba, ya jingine keke, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kafa kafaɗa a bayan mota tare da wasu fasinjoji biyu marasa kishi, ya yi kabbara ya tura. Mota ta yi tari ta mutu. Ya sake turawa, takalminsa ɗaya ya tsinke, wanda shi da kansa ya ɗinka, aka kuma yi rashin sa'a mutane suka gani. A turawa ta gaba ya tattaro ƙarfin kakanninsa gaba ɗaya, ya ƙwala kiran sunan abokiyar gabarsa, inji ya yi gurnani ya kama, ya feshe shi da baƙin hayaƙi tun daga hula har cibiya, mota ta zabura ta bar shi a durƙushe. Barau kuwa ɗan halak ne. Ya juye tsiren a cinyarsa, ya dunƙule takardar ya wurgo ta taga, ta yi sama, ta yi juyi, ta nufi kwata. Kallamu ya yi tsallen da ba a taɓa ganin irinsa a zuri'ar Gagare ba, ya cafke ta a bakin kwatar da yatsu biyu. Hularsa ce ta faɗa a madadinta.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, yana haki, ya warware ganimarsa. Mai ya ratsa ta har ana hango rubutun baya ta gaba, ƙuli da yaji sun mamaye sassanta. Ya ɗaga ta saitin rana mai shirin faɗuwa. Kada mai karatu ya zaci ya kai idonsa ƙasa neman abin da ya fito nema. Daga layin farko ya fara, yana rangaji a tsakiyar tasha, ya biya kalmar kyandir, ya biya ta sanda, ya biya ta kwalekwale, kowace sai da ya ba ta haƙƙinta. Can a gindin shafi, ƙarƙashin wani yankin albasa da ya manne, ya ɓamɓare da farce, sai ga ta kwance, doguwa, mai haruffa kamar jerin raƙuma. Ya sa yatsa ya bi fassarar a hankali: mai saurin hasala, mai yawan gardama a kan abin da bai taka kara ya karya ba, mai wuyar sha'ani.

Malaman tarihi sun yi saɓani a kan abin da ya gudana a zuciyarsa a wannan lokaci. Wasu sun ce ya tuna Tambai da Mati da 'yan kamasho, har ya ɗan sunkuyar da kai. Wasu sun ce yaji ne ya shiga masa ido. Abin da aka haɗu a kai shi ne, ya miƙe ya ce wannan ƙazafi ne tsagwaronsa, kuma yau za a yi ta ta ƙare. Ya yi magariba a masallacin tasha, ya ja kekensa da sarƙa ta zube, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, kai ba hula, ya doshi ƙofar Baba Dikko kai tsaye, farin ciki fal cikinsa, domin rantsuwa ta sauka.

Ya same su an baje akusa an fara ci. Ya yi sallama da murya irin ta mai shelar ganin wata, ya ɗaga takardar sama, ya karanto kalmar, ya karanto fassararta daki-daki, ya shaida wa jama'a cewa da guminsa ya samo ta bai tambayi kowa ba, sannan ya nemi Lawandi ya tashi ya kare kansa.

Lawandi ya tsaya da loma a hannu, yana ƙoƙarin tunawa. "Ni na faɗa? To, ashe abin da take nufi ke nan. Wallahi bawana, a bakin wani lauya na tsince ta, daɗin faɗa kawai ta yi mini." Ya dubi baƙin hayaƙin da ke fuskar Kallamu, ya dubi ƙafarsa. "Amma ka ga ta zauna maka daram, kamar an auna."

Aka sake kecewa da dariya, wannan karon da sani. Daga nan bayanai suka fito. Ashe babu wanda ya ji rantsuwar da kyau. Labarin da ya zaga unguwa shi ne likita ya hana Kallamu tuwo saboda ciwon suga, yana jin kunyar faɗa, shi ya sa ba wanda ya tayar masa da zancen, har liman ya sa shi a addu'a ba tare da ambaton suna ba. Ramar da ya yi ita ta ƙara tabbatar musu. Wannan ya matsa, wancan ya janye ƙafa, gurbinsa na kusa da bango ya buɗe, Kallamu ya tattare riga zai zauna.

Baba Dikko ya ɗaga hannu. "Madalla da karatu, Kallamu, Allah ya sa albarka. To ina akushinka?"

Kallamu ya dubi hannunsa. Takarda ce kawai a ciki.

"Ba a zama da takarda a nan," in ji Baba Dikko. "Je ka ɗauko."

Haka mai fatahin haruffa biyu da ɗoriya ya juya, yana ɗingishi, ya tafi gida. Tambai ba ta san da zancen komawa ba, ɗan kwanon nan nasa na mutum ɗaya ta tuƙa. Shi ya ɗauko ya rufe da faifai ya kawo, ya tarar an share sauran akusan tas, ana jiransa. Hannuwa suka yi wa kwanon dirar mikiya, Lawandi a kan gaba, kafin ya gama wanke hannu an kai gindi.

A nan tawada ta ƙare, Allah ya gafarta wa mai rubutu da wanda aka rubuta. Abin da ya rage a faɗa shi ne, Malam Kallamu ya kanƙari ɓawon tuwon da ya manne a gefen kwano, ya haɗa da ragowar miya, ya ci, ya yi hamdala da ƙarfi, ya jingina da bango yana murmushi, cikinsa na kukan yunwa.